Amsa ga matashin da ke son sayar da gona ya sayi bindiga

Wani matashi mai koyarwa a firamare a ƙasar Ƙauran Namoda ya aiko da tambaya, ya ce: "Baba Alƙali, a garinmu yanzu mutum uku ake gyara wa zama in sun shigo majalisa: mai bindiga, mai ƙirar ƙarfi, da mai kuɗi. Ni ba ni da ko ɗaya. Jikina ba na faɗa ba ne, albashina ba ya kai ƙarshen wata, ban taɓa riƙe makami ba. Na nemi aure, aka ba wani mai zuwa haƙar zinare. Abokaina kuma suna ce mini rago don ban shiga sa-kai ba. Ina da gonar gado, ina tunanin in sayar in sayi bindiga. Shin ba waɗannan abubuwa ba ne ƙarfin namiji?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka kira dillali. Kada ka sayar da gonar nan. Na san wannan kaɗai ba zai ishe ka ba, tunda kai ne za ka koma majalisar gobe, kai ne kuma za a sake kira rago, don haka bari mu bi abin a hankali.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne. Duk wanda ya ce maka bindiga ba komai ba ce, to bai taɓa kwana a ƙauyen da ake jin ƙarar babura da tsakar dare ba. Addininmu ma bai raina ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ya kuma ce hannun da ke bayarwa ya fi hannun da ke karɓa. Suna da amfani, babu musu. Abin da ka tambaya shi ne ko da su ake auna mutum, kuma a nan ne na rabu da majalisarku.

Bari in fara da bindiga, don ita ce ta fi damuna a wasiƙarka.

Lokacin da na fara aikin shari'a, rigimar manomi da makiyayi ba ta wuce ɓarna. Shanu sun shiga gona, sai a kira mai gari da arɗo, a kewaya wurin, a ƙiyasta dami nawa aka ci, a biya, kowa ya kama gabansa. Makamin Bafulatani sanda ce, in ya yi nisa takobi ko kwari da baka. Bindiga ta maharba ce, ita ma ta toka, wadda sai an ɗura mata albarushi an danna kafin ta tashi sau ɗaya. Sannu a hankali aka nome burtali, aka toshe mashaya, aka raba dazuzzukan kiwo ga masu hannu da shuni. Makiyayi ya shiga hannun hukuma kan ɓarnar da ba ta kai dami biyar ba, ya fito ya rasa saniya biyu ko uku. Ina faɗin wannan ne a matsayin wanda ya san gidan daga ciki: akwai alƙalai da jami'an tsaro da masu sarauta da suka mayar da makiyayi saniyar tatsa. Shi ma manomi bai tsira ba. A sace masa shanun huɗa, ya kama ɓarawo ya miƙa, kafin ya iso gida ɓarawon ya riga shi. Daga nan kowane ɓangare ya yanke wa kansa hukunci ɗaya, cewa haƙƙi ba ya samuwa sai da ƙarfin tuwo.

Ana cikin haka gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya a 2011, makamai suka watsu cikin Sahara, suka riƙa gangarowa ta iyakokin Nijar. 'Yan sa-kai suka fara kama mutane a kasuwa suna yankewa ba tare da shari'a ba, ɗaya ɓangaren ya shiga ramuwar gayya a kan gari sukutum. Aka yi kisan garin Kizara a 2013. Aka yi 'Yar Galadima a watan Afrilun 2014, inda aka kashe fiye da mutum ɗari a wajen taron 'yan sa-kai da 'yan banga. Kwamitin da gwamnatin jihar Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya lissafa cewa tsakanin Yunin 2011 da Mayun 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, kuma an biya kuɗin fansa fiye da naira biliyan uku. Wannan lissafin ya tsaya ne kafin sace ɗaliban Jangebe, kafin duk abin da ya biyo baya.

Na kawo maka wannan tarihin ne don ka san inda girman da ake ba mai bindiga ya samo asali. Adalci ne ya yi rauni a ƙasa, sai bindiga ta haye kujerarsa. Kakanka bai taɓa gyara wa mutum zama don ya rataya makami ba.

Wani dattijo da aka tare su a hanyar kasuwa ya ba ni labari da bakinsa. Wanda ya tsayar da motarsu yaro ne, gemu bai fito masa ba, bindigar in ya rataya ta sai ta kusa taɓa ƙasa, idanunsa jajaye saboda ƙwaya. Ya ce kowa ya sauka ya kwanta rub da ciki. A cikinsu akwai limami, akwai tsohon ɗan dambe da ake kiɗa wa kalangu a zamaninsa, akwai ɗan kasuwa mai tireloli. Duk suka kwanta, yaron yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana taka musu wuya da takalmin roba yana cewa su fito da waya. Dattijon ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne hannun yaron rawa yake yi. To kai da kake koyar da tsaran wannan yaro, za ka ce ya fi waɗannan mutane ƙarfi? AK-47 nauyinta bai kai kilo biyar ba, gidan harsashinta na ɗaukar talatin, kuma an ƙera ta ne yadda kowa zai iya koyon harba ta cikin ɗan lokaci. Abin da yaro mai rawar hannu zai iya yi daidai da yadda jarumi zai yi, ba zai gaya maka komai a kan wanda ya riƙe shi ba. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Mutanen nan tsoro suka ji, kuma da yaron zai ajiye bindigar minti ɗaya, babu wanda zai ga girmansa ko na ƙwayar zarra.

Ka dubi kuma ƙarshen waɗanda suka fi kowa tara ta. Buharin Daji ya yi zamanin da ambaton sunansa kaɗai ke tashin ƙauye, a watan Maris na 2018 na kusa da shi ne ya harbe shi. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara a ƙarshen 2020, ya zo Gusau ya miƙa makamai ya rantse, ya koma daji, kafin ƙarshen Afrilun 2021 wata daba ta kashe shi. Halilu Sububu ya yi suna wajen safarar makamai da mamaye wuraren zinare, sojoji suka yi masa kwanton ɓauna a Satumbar 2024. Ko kafin ajali, wace irin rayuwa ce? Mutum ba ya kwana biyu a wuri ɗaya da natsuwa, ba ya yarda da yaransa, in ya ji ƙarar jirgi sai ya nemi gindin itace. Kai kana shiga kasuwa ka fita, kana sallar Juma'a a sahun da ka ga dama. Shi ba ya iyawa.

Za ka ce kai ba daji za ka shiga ba, gari za ka kare. Na yarda da niyyarka. Amma ka san halin abin da kake son shigowa da shi gida. Bindiga kamar ɗan kura take: ranar da ka ɗauko shi yana ƙarami kowa zai zo kallo, daga ranar kuma ciyar da shi ya hau kanka. Ka sayar da gona ka saya, harsashin da ya zo da ita ya ƙare, na gaba da me za ka saya? Albashin da ba ya kai ƙarshen wata? Wanda zai sayar maka kuwa, sau da yawa shi ne yake sayar wa waɗanda kake tsoro. A nan ne mutanen kirki da yawa suka zame. Aka fara da karo-karo, aka koma tilasta wa mutane kuɗin tsaro, aka koma kama shanun duk Bafulatanin da aka gani a ce na ɓarayi ne. Wasu rugagen da ba su taɓa sata ba, irin wannan ne ya tura 'ya'yansu daji.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ɓarawo yana zuwa ne jefi-jefi, amma fushi kullum yana gida. Na san wani gari da suka haɗa kuɗi suka sayi bindiga, suka damƙa wa wani saurayi mai hankali, wanda kowa ya shaide shi. Ya ajiye ta ƙarƙashin gado. Da damina ta faɗi, gardama ta haɗa shi da ɗan baffansa kan iyakar gona, kunya biyu kacal, irin rigimar da a da ake gamawa da zage-zage, in ta yi tsanani a kai wa juna mari, dattawa su raba, da Sallah a gaisa. Ran nan sai ya ruga gida. Da aka kawo shi gaban hukuma, ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Wallahi tsorata shi na so in yi." Uwar mamacin ita ta yi masa wankan jarirai. Wannan ne ya sa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya ce bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi kashi-kashi. Irin na soja, su AK-47, babu mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani izininta na wajen Sufeto Janar, ta toka kuma wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da ta soja ba izini, ɗaurin da ke kansa bai gaza shekara goma ba. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, shugabannin tsaro na tarayya suka fito suka ce ba hurumin gwamna ba ne. Saboda haka wanda ya ce maka an halatta, bai gaya maka gaskiya ba. Mutum da bindiga a daji ba kaki, jami'in da ya hango shi ba ya da hanyar sanin ko wane ne. A Tungar Kara, cikin Janairun 2025, jirgin yaƙi ya yi kuskure ya buɗe wuta kan mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi.

Kada ka ɗauka ina raina masu tsaron gari. Akwai bayin Allah da suka ba da rayukansu don mata da yara su kwana lafiya. A ƙasar Sakaba ta jihar Kebbi, a watan Maris na 2022, an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna aka kashe fiye da sittin a dare ɗaya. Allah ya jiƙansu ya karɓi shahadarsu. Abin da nake bambancewa shi ne makami da ke ƙarƙashin wani shugabanci, mai rajista, mai wanda zai ce a tsaya a tsaya, da makamin da ba ya da ubangida sai zuciyar mai shi. Askarawan tsaron al'umma da gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar a Janairun 2024 an tantance su, an horar da su, an san sunan kowa. Su ma in sun wuce gona da iri akwai inda za a kai ƙara. In har kana ganin wannan aikin naka ne, ta wannan ƙofar ake shiga, kuma ba a sayar da gona don shigarta.

Ƙarfin jiki kuwa, ba mu ne za a koya wa darajarsa ba. Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, labarin baka ya nuna tun yana saurayi ya yi suna a kokawa da dambe. Amma ganuwar duwatsu ta Surame, da har yau ake ganin ragowarta, ba damtsen mutum ɗaya ya gina ta ba. Abin da ya mayar da shi Kanta shi ne iya haɗa kan mutanen da suka yarda su bi shi har su yi tsayayya da Askiya na Songhai. 'Yan kokawa irinsa da yawa an yi, sunayensu sun ɓace.

Ka je filin dambe da kaka ka lura. An naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan shi ne garkuwa, makaɗa na zuga, kowa ya sha kambu da laya. Amma da zarar hannu ko gwiwar abokin karawarka ya taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. Wanda ya ƙara kai naushi bayan nan, jama'ar filin ne za su taso masa, har nasa mutanen. Sau da yawa wanda ya yi kisan shi zai miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kayar. Sarkin dambe yana nan, masu rabo suna nan, ba a haɗa ƙaramin yaro da ƙasurgumi. Kakanninmu sun so ƙarfi, amma ba su taɓa sake shi ba linzami ba. A ƙasar Zuru, Dakarkari suna da al'adar golmo: saurayi da tsaransa su yi shekaru, bisa al'ada har bakwai, suna nome gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Abin da ake gwadawa a nan ba a ganinsa a rana ɗaya. Ana son a ga ko zai dawo baɗi, da baɗin waccan, ko ya iya ciyar da gida.

Shi kuwa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke maganar da kansa. Ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Ranar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau itace, iska ta yaye ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariyar sirantakarsu, sai ya ce musu ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Jikin da Allah ya ba ka, ka kula da shi, ka yi noma da shi, ka guji ƙwayoyin da samari ke sha don su ji sun zama zakuna. Ciwon shawara na mako biyu ya isa ya kwantar da ƙato, tsufa kuma ba ya barin kowa.

Sai kuɗi. A nan ma ba zan yi maka wa'azin talauci ba, talauci ba ado ba ne, kuma Annabi ya nemi tsari daga gare shi. Amma ka yi lissafi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara suna cikin talauci. In da kuɗi ake auna ƙarfi, ke nan uku cikin kowane mutum huɗu a jiharmu ragwaye ne, har da manomin da ke fita tun asuba, har da bazawarar da ke riƙe marayu shida da sana'ar ƙuli-ƙuli. Hankali ba zai karɓi wannan ba.

Kuma a yanayin da muke ciki, wa ya fi mai kuɗi zaman ɗar-ɗar? Hausawa sun ce arziki rigar ƙaya. Mutum ya sayar da buhunan waken suya, kafin ya iso gida infoma ya kai rahoto. Masu hali a ƙauyuka sun daina gyara gida, sun daina sa sutura mai kyau, da yawa sun kwashe iyali sun koma Gusau ko Sakkwato suna haya. Wanda aka ɗauka, a sayar da shanu, a sayar da gona, a haɗa da babur da katin waya, abin da aka tara a shekara ashirin ya tafi a mako uku. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, manyan 'yan kasuwa sun zauna sun zuba wa motocinsu ido. Ranar suka ga cewa dukiyarsu a kan zaman lafiyar talaka take tsaye.

Ba na zagin wanda aka ba yarinyar, neman halal yake yi, Allah ya ba su zaman lafiya. Amma zinaren nan mun ga farashinsa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adinai cikin gida, mata suna dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ƙura na sauka kan tabarma da kwanon abinci da bakin rijiya. Duwatsun cike suke da dalma. Yara suka fara suma suna sanƙarewa, aƙalla ɗari huɗu suka mutu kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da hukumomi su shawo kan abin, wasu dubbai kuma sai da aka yi musu magani. A shekarun nan kuɗi sun shigo ƙauyukan yadda ba su taɓa shigowa ba, an sayi babura, an yi aure-aure. Daga baya ramukan suka zama abin da dabobi ke faɗa a kai, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar a Afrilun 2019.

A da, manomin da ya cika dami dubu ba ya zama sarkin noma don rumbunansa sun cika. Sai ya yi biki, ya buɗe rumbu, ya fitar da zakka, ya raba wa malamai da makaɗa da gajiyayyu, sannan a naɗa shi. Jama'a na auna shi ne da yawan bakin da ya ci daga hannunsa. Ƙaruna kuwa, wanda mabuɗan taskokinsa kaɗai ke yi wa ƙarfafan maza nauyi, Alƙur'ani ya tambaya a kansa: ashe bai san Allah ya halaka waɗanda suka fi shi ƙarfi da yawan tarawa ba?

Tambayarka, ɗana, an taɓa yin irinta. Cikin Suratul Baƙara, da aka naɗa wa Banu Isra'ila Ɗalutu sarki, sai suka ce ta yaya zai mulke mu alhali ba a ba shi yalwar dukiya ba? Annabinsu ya ce Allah ne ya zaɓe shi, ya ƙara masa yalwa a ilimi da jiki. Ilimi aka fara ambata. Da ya fita da runduna, jarrabawar da aka yi musu ba ta harbi ba ce ko ta kokawa. Kogi aka kai su suna cikin ƙishi, aka ce kada kowa ya sha sai wanda ya kamfata da hannu. Mafi yawansu suka kasa, 'yan kaɗan da suka iya riƙe kansu su ne suka tsaya gaban Jaluta. Haka kuma Annabi Musa, alaihis salam, da ya isa rijiyar Madyana, baƙo, ba shi da ko abincin dare, ya tarar da maza na shayar da dabbobinsu, mata biyu sun ja gefe suna jira. Ya shayar musu, ya koma inuwa. Da ɗayarsu za ta yi wa mahaifinsu bayaninsa, sifa biyu ta haɗa: mai ƙarfi, amintacce. Ta ga ƙarfinsa ne a wurin da ya yi wa mai rauni aiki bai nemi lada ba. A kan haka aka ba shi aure, sadakinsa kiwon shekara takwas ko goma.

Wannan ma'aunin nake amfani da shi, kuma shi na ga yana aiki a zauren shari'a. In an kawo mini mutum ana cewa mai ƙarfi ne, abin da nake dubawa shi ne wa ke samun barci saboda shi, wa kuma ke rasa barci saboda shi. In an ba shi ajiya tana dawowa? In ya fusata, matarsa da ƙannensa suna tsira daga hannunsa? In an kira shi shaida a kan ɗan'uwansa ko a kan mai gari, yana iya buɗe baki? Na ga ƙarti masu faɗin ƙirji da suka kasa faɗin kalma ɗaya ta gaskiya don tsoron wani alhaji. Na kuma ga tsohuwa mai dogara sanda ta tsaya gaban jama'a ta ce gonar nan ta marayu ce, ta san kuma wanda take ɓata wa rai.

Yanzu dawo kan kanka. Tun da aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na shekarar, makarantu da yawa a karkara sun zama kufai, malamai sun nemi canjin wurin aiki sun koma birni, kuma ban ga laifinsu ba. Kai kana nan kana buɗe aji. Kowane yaro da ya zauna gabanka ya koyi karatu, yaro ne da daba ba ta samu ba. Abokanka ba za su ga wannan ba yanzu, amma bai kamata kai ma ka kasa gani ba.

Gonar nan ka noma ta. In aikin makaranta bai bar ka ba, ka ba wani amintacce ku raba amfani, ko ka shuka abin da ba ya tsawo in tana bakin daji, kamar waken suya ko gyaɗa. Ita ce za ta cike giɓin albashi, ita ce kuma abin da waliyyin wata yarinyar zai duba gobe. Maganar auren da ya wuce, ka bar ta, kada ka yi gaba da gidan, ka sa baffanka ko kawunka ya nema maka a gidan da suka san asalinku.

Tsaron gari kuwa yana da ayyuka da yawa da ba na harbi ba, kuma galibi su aka fi rasa mai yi. Ana bukatar mai rubutu da zai riƙe sunayen masu sintiri da lissafin kuɗin karo-karo, don kada su zama abin ci. Ana bukatar wanda zai haɗa lambobin jami'an tsaro da na ƙauyukan maƙwabta, ya san wa za a kira in an ga motsi. Ana bukatar wanda zai je asibiti ya roƙi ma'aikatan jinya su koya masa yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaukar mai rauni, don da yawa daga waɗanda ake harbi a hanyar asibiti jini ke ƙare musu. Ana kuma bukatar wanda in an kamo wani Bafulatani a kasuwa, jama'a sun taru ana ihu, zai ce a kai shi ga hukuma a bincika. Ka je wurin mai gari tare da wani dattijo na gidanku, ka gaya masa waɗanne daga cikin waɗannan za ka ɗauka, ka kuma nemi a sanar da hakimi don a san da kai a hukumance.